Allurar Wuyan Ladidi

Ban yafe wa wanda ya fara cewa ciwon daji ba ya son allura ba. Ban san sunansa ba, ban san garinsu ba, wataƙila ma ya mutu tun kafin a haifi kakata. Duk da haka ina da ƙara a kansa, kuma ba a kotun duniya zan shigar da ita ba. Shi ya raba ni da Ladidi.

Ku yaran da kuka zo ɗakin gwaji bayan na yi ritaya, kun dame ni in rubuta muku wani abu daga cikin abin da na gani a aiki. To ga shi. Wanda ya ga maganata ba ta da ado ya yi haƙuri, ina da 'ya'ya huɗu na fara riƙe fensir. Da maigidana ya rasu na zo Dutse, na samu aikin shara a asibiti. Da yamma in tafi ajin yaƙi da jahilci, mata suna dariya wai tsohuwa ta tashi neman abin da ya wuce ta. Na bar su da dariyarsu. Daga nan na rubuta jarrabawar sakandare, na shiga makarantar kiwon lafiya, na dawo ƙaramar ma'aikaciya a ɗakin gwaji. Ɗakin da na yi shekaru ina goge ƙasansa, a cikinsa na sa farar riga.

Bari in yi wa wanda ba ɗan aikin ba bayani. A wuyan mutum akwai kaluluwa, 'yan ƙananan ƙullutai da Allah ya jera a ƙarƙashin fata suna gadin jiki. Mai lafiya ba ya jin su. Idan suka kumbura suka ƙi sacewa, to akwai magana. Wani lokaci ƙurji ne ko ciwon haƙori ya tashe su, wannan mai sauƙi ne. Wani lokaci tarin fuka ne ya sauka a wuya, ko da mutum bai taɓa yin tari ba. Wani lokaci kuma daji ne, wanda 'yan boko ke ce wa kansa. Daga waje duk kamarsu ɗaya. Ido ba ya rabewa, hannu ma ba ya rabewa.

Da can sai an yanka an ciro guda an aika Kano. A zamanina aka fara yi da allura. Duk ranar Talata wani likita mai duba nama da ruwan jiki yakan zo mana daga Kano. Zai goge wurin da sifirit, ya kama ƙullutun tsakanin yatsu biyu, ya soka allura siririya wadda ba ta kai ta ɗibar jini kauri ba. Ya ɗan motsa ta a ciki, ya zuƙo abin da bai fi ɗigon hawaye ba. Ba a zuba wa mutum komai. Daga nan aiki ya dawo hannuna. Ya fesa ɗigon a kan ɗan gilashi, ni kuma in ɗora wani gilashin in ja a hankali ya baje. Wasu in tsoma su a sifirit tun ba su bushe ba, wasu in bar iska ta busar. In rina su, shi ya duba a madubin likita. Mai ciwo ya danna auduga ya tafi gida da ƙafarsa. Shan koko mai zafi ya fi wannan aiki daɗewa.

Ranar da ta ƙi barin raina wata Talata ce cikin kaka, shekara biyu kafin korona. Ina wanke gilasai sai na ji murya daga bakin ƙofa.

"Ina 'yar bokan Turan nan take?"

Mutum ɗaya ce a duniya za ta kira ni haka. Ni da Ladidi mako ɗaya aka haife mu a wani ƙauye a bayan Miga, ni ran Asabar, ita ran Lahadi, sunayenmu ma sun faɗa. Tare muka yi tallan fura, tare muka koyi daka, tare aka yi mana dukan satar mangwaro. Ta auri Malam, mai makarantar allo a ƙauyen, ta zauna. Ni ƙaddara ta fito da ni. Sai mu yi shekara ba mu ga juna ba, amma in muka haɗu kamar jiya muka rabu.

Na ce, "Ke Ladidi, wa ya mutu kika zo Dutse?"

"Sai an mutu? Zuwa na yi in ga ko bokon ya sa kin yi fari. Ashe kina nan kamar gindin tukunya."

"Gaishe ni da kyau, yarinya. Na girme ki."

"Da kwana ɗaya. Shi ma cewa aka yi uwarki ce ta cika gaggawa."

Ta sauke ƙullin riɗi da kuka da daddawa a kan tebur. A nan na lura. Ana wannan zafi ta naɗe wuyanta da mayafi, kuma in za ta waiga sai ta juyo da jikinta gaba ɗaya. Na tura ƙofa na ce, "Buɗe."

Ta warware mayafin a hankali. Gefen hagu, daga ƙarƙashin kunne har kusa da kafaɗa, ƙullutai ne manne da juna kamar gyaɗar da aka tuge ba a tsinke ba. An shafe su da wani baƙin magani. Ta ce tun farkon damina suka fito. Da yamma zazzaɓi, da dare gumi, zanin da take ɗaurawa kuma ya fara yi mata yawa.

"Malam ya sani?"

"Ya san na zo ziyara. Sauran bai tambaya ba, ni ma ban faɗa ba."

Na kai ta wurin Dakta. Yaro ne a kanmu, sa'an ɗana na fari, mai sanyin hali. Ya tattaɓa wuyan ya ce a yi allurar yanzu, tunda Allah ya kawo ta ranar da yake nan. Ta zauna a kujera. Na tsaya a bayanta na jingina kanta a ƙirjina. Ya goge wurin, ya yage takardar allura. Sai na ji ta damƙe min hannu.

"Asabe, tsaya. In daji ne fa?"

"Shi ya sa za a duba, mu sani."

"Kafin ku sani ai kun riga kun taɓa shi. In ba shi ba ne, alhamdu lillahi. In kuwa shi ne, ƙarfe ya shiga, kun tashe shi. Wa zai kwantar?"

Kowa a ƙasarmu da wannan maganar ya tashi, ni ma da ita na tashi. Ita kuwa Ladidi ba jita-jita ta ji ba. Muna 'yan mata mahaifiyarta ta yi kumburi a hammata, aka kai ta wani kemis ya yi mata allura, wata bai ƙare ba ta rasu. Ba wanda ya tambayi me ya kashe ta. An riga an sani.

Dakta ya durƙuso daidai fuskarta. "Mama, wannan ba ta zuba komai a jiki, ɗebowa kawai take yi. Na yi wa mutane da yawa, har da masu dajin, ban ga wanda ta tayar masa ba."

Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Waɗanda ta tayar wa ai ba sa dawowa su gaya maka."

Ya ajiye allurar. Ba a yi wa mutum dole, kuma daidai ne. Ya sa aka ɗauki hoton ƙirjinta, aka gwada kaki, ba a ga komai ba, don ba ta tari. Na bi shi waje na ce ya ɗora ta a kan maganin tarin fuka kawai mana. Ya ce, "Iya Asabe, in na ɗora ta a kan zato alhali daji ne, na cinye mata watannin da ba za su dawo ba. Ki shawo kanta. Talata ba ta ƙarewa."

A hanyar gida ban bar mata komai ba. Na ce mata matsoraciya, na ce mata baƙauyiya. Ta ce ta ji, ƙauyen dai ɗaya ne. Bayan la'asar ta ga turmi a bayan ɗakina ya zama wurin ajiye tsumma, ta ce wannan abin kunya ne a gidan 'yar Miga. Ta zuba gero, ta miƙo min taɓarya ɗaya ta ɗauki ɗaya. Muka shiga lugude. Na ɗauka hannuna ya manta, ashe yana sane. Ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, kamar muna 'yan shekara goma sha biyar a gindin tsamiyar gidansu. 'Yan matan maƙwabta suka leƙo ta katanga, su da inji kaɗai suka sani. Ba a jima ba ta tsaya tana haki, ta dafa bango tana dariya.

"Kin ga, tsufa ne kawai. Bari a shigar da gero rumbu, zan dawo ku yi abin da za ku yi."

Aka shigar da gero, aka shigar da dawa, aka roro wake. Ba ta dawo ba.

Wata Asabar na shiga mota na tafi ƙauyen, na shirya faɗa da Malam tun daga tasha. Na same shi a zaure yana gyara alƙalami. Ko gaisuwar kirki ban gama ba na ce, "Allah gafarta Malam, kai ka hana ta?"

Ya ce, "Zauna, Asabe. Na duba iya abin da na karanta, ban ga inda aka ce daji ba ya son allura ba. Addini cewa ya yi a nemi magani. Na ce mata ta je, na sake cewa. Amma gwaggonta ta zo har zauren nan ta ce in aka soka mata ƙarfe ta mutu, alhakin yana wuyana. Yayyenta maza suna zaune, ba wanda ya ce uffan. Kin san irin wannan shirun."

Faɗan da na ɗauko ya rasa inda zai sauka. Na shige cikin gida.

Gwaggo Dudu ƙanwar mahaifin Ladidi ce, ita ta riƙe ta bayan rasuwar uwarta. Kada ku ɗauka muguwa ce. Na tarar da ita durƙushe a gaban murhu tana dafa saiwa, tsohuwa tukuf, ta baro gidanta ta tare a nan don jinya. Ita ke yi wa Ladidi wanka, ita ke ba ta kunu a baki in ta ƙi sha.

Na ce, "Gwaggo, ku ba ni ita kwana biyu. In wani abu ya faru ku ɗora a kaina."

Ba ta ko ɗago ba. "A kanki? Ke 'yar wa ce a gidan nan? Uwarta a hannuna ta cika. Na ba da ɗaya, ba zan ba da biyu ba."

Daga cikin ɗaki Ladidi ta ce, "Ku bar ciniki a kaina kamar kazar kasuwa. Asabe, shigo ki ba ni labarin birni."

Na shiga na ba ta labarin birni. Me zan yi? Kowa a gidan son ta yake yi, kuma ba wanda yake so a ce da bakinsa aka yi. Na dawo Dutse da ƙullin riɗi.

Duk Juma'a in kira wayar Malam ya miƙa mata. Kullum amsa ɗaya: da sauƙi. Bahaushe ko ana auna masa likkafani da sauƙi zai ce. Sai dai muryar tana ƙanƙancewa, tsokanar ma ta fara raguwa. Ranar da na ce na girme ta ta ce "to, Yaya," na kashe wayar na zauna na yi kuka.

Cikin bazara ƙullutun ya fashe da kansa ya fara zubar da ruwa. A nan Gwaggo ta saki. Ta ce tunda ya farka da kansa, ƙarfe ba shi da sauran abin da zai tayar. Malam ya ɗauko shatar mota ya kawo ta ranar Talata. Ni na ciro ta daga motar, kamar na ɗauki damin kara.

Kujerar dai ita ce. Na sake jingina kanta a ƙirjina. Ta runtse ido tana salati, ta cukuikuye min riga. Dakta ya zaɓi ƙullutun da bai fashe ba, ya yi aikinsa.

Ta ce, "Ku yi mana in za ku yi."

Na ce, "An gama."

Ta buɗe ido. "An gama me?"

Dakta ya ɗaga mata allurar ta gani. Ta daɗe tana kallonta.

"Wannan 'yar abar? Ko ƙayar aduwa ai ta fi ta zafi."

Ta fara dariya, sai dariyar ta tsaya. Ta ɗago ta dube ni.

Na baje ɗigon a kan gilashi. Na rina, na busar, na miƙa. Can Dakta ya kira ni ya ce in sa ido. Ga su nan, 'yan jajayen sanduna ƙanana, kamar an yayyanka jan zare an watsa a kan shuɗin zane. Tarin fuka ne. Babu daji ko kaɗan. Ciwon da ake warkewa, wanda maganinsa kyauta ake bayarwa a ɗakin da ke ƙarshen barandarmu. Ran da ta fara zuwa ta gaban ƙofar ɗakin muka wuce, ina yi mata masifa.

Amma ciwon ya riga ya bar wuya ya bazu a jiki. Aka ba ta gado, aka fara magani. In ta sha sai ya dawo. Duk lokacin da na samu sarari in bar ɗakin gwaji in je in zauna a gefenta, in matsa mata ƙafa, mu yi ta lissafin mutanen da: wa ya mutu, wa ya yi Makka bai dawo ba, wace ce ta faɗa rijiya garin leƙen samari. Wata rana da azahar ta ce, "Asabe, da na yarda ran nan fa?"

Na ce, "Kwana ne, Ladidi. In ya ƙare ya ƙare."

Ta ɗan murmusa. "Ke dai tun muna yara in za ki ɓoye magana hancinki ke buɗewa."

Ba ta ga ruwan farko na wannan shekarar ba.

Mutane suna cewa haƙuri, kuma na yi. Amma akwai abin da haƙuri ba ya mayarwa. Yanzu duk duniya babu wanda ya san ni tun ba ni da haƙori. 'Ya'yana sun san uwa, ku kun san Iya Asabe mai faɗa a kan gilashin da ba a wanke da kyau ba. Yarinyar da ke gudu da tallan fura a ka, mutum ɗaya ce ta san ta, kuma ta tafi da ita. Har yau in wani abin dariya ya faru, sai in ji ina adana shi don ranar Juma'a.

Ranar sadakar uku ina zaune a tsakar gidan Malam cikin mata, ana raba gumba. Sai wata daga bayana ta ce, "Ai Gwaggo ta faɗa. Tana nan tana lallaɓawa, ana soka mata allurar nan ba ta ƙara wata ba." Wata ta amsa, "Wallahi. Abin nan ba ya son ƙarfe." Aka yi ta gyaɗa kai.

Daidai lokacin Ramatu, matar ɗan Ladidi, wadda ta taya Gwaggo jinya, ta sunkuyo ta ajiye min ruwa. Mayafinta ya zame. A ƙarƙashin kunnenta na ga ƙullutu kamar ƙwallon dabino. Ta yi maza ta rufe, ta koma gefe da goyonta tana sauraron abin da matan ke faɗa.

Na miƙe tsaye. Na san gidan makoki ne, ban damu ba. Na ce, "Ba daji ba ne! Tarin fuka ne, da idona na gani. Ba allura ce ta kashe ta ba, rashin yin ta da wuri ne."

Gwaggo Dudu ta ɗago jajayen idanunta, ba da faɗa ba, ta ce, "Ke kin gani a gilashi, 'yar nan. Mu a makara muka gani."

Na zauna.

A motar dawowa na yi ta juya maganar, kuma ita ce abin da nake so ku riƙe. Mu a ɗakin gwaji muna ganin gaskiya ƙarara, sai mu ɗauka kowa ya gan ta. Alhali wanda muka yi wa allura ya warke, gida yake komawa ya rufe wuyansa ya yi shiru, don ba mai so a ce ya yi tarin fuka. Wanda ya zo a makare ya mutu kuwa, gari guda ke raka shi. In kai ne a ƙauyen, wanne za ka gaskata? Gwaggo ba wauta ta yi ba. Abin da aka nuna mata ta gani.

Washegari da sassafe na nemi izini a wurin aiki, na shiga motar Ringim. Akwai wata mai kayan miya a kasuwar, Hajiya Yalwa. Shekarun baya ta zo mana da wuyan da ya fi na Ladidi muni, aka yi mata allurar, ta shanye maganinta har ƙarshe. Na same ta ta yi ƙiba, tana kasa tumatir tana yi wa wani mai turin kura masifa.

"Iya Asabe! Lafiya da farar safiya? Tumatir ko attaruhu?"

"Ba ko ɗaya. Wuyanki na zo aro."

Na gaya mata komai, tun daga Ladidi har Ramatu. Na ce ran Lahadi ake sadakar bakwai, so nake ta zauna a tsakiyar matan nan ta yaye mayafinta, ta faɗa musu da bakinta abin da aka yi mata.

Ta kai hannu ta shafa wurin. Ta duba hagu da dama, ta rage murya. "Iya, ko surukaina ba su san ciwon da na yi ba."

"Na sani. Shi ya sa ban aiko ba, na zo da ƙafata. In kin ce a'a, ba wanda zai ji daga bakina."

Ta daɗe tana jujjuya tumatir ɗaya a hannunta. Sannan ta ajiye shi a kan kashin, ta ɗaga murya ta kira maƙwabciyarta.

"Ke Tabawa, ran Lahadi ki jire min kayan nan, ina da unguwa." Ta juyo gare ni. "To, Miga ɗin nan wace mota ake shiga?"